Shekarau da Zomayen Gwaji

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a ɗaya daga cikin garuruwan ƙasar nan. Ba zan kama sunan garin ba, don na san halinku, ina faɗa wani zai ce ai kawunsa ne. Abin ya daɗe, yawancin waɗanda suka gani da idonsu sun riga mu gidan gaskiya. Sunan mutumin Shekarau. Ba ya cikin malamai, ba ya cikin masu dukiya, ko a wurin ɗaurin aure ba a nemansa a sahun gaba. Sana'arsa kiwon ɓeraye da zomaye.

Na ga wasu suna murmushi can baya. Ku saurara tukuna.

A bayan garin akwai wata cibiya inda ake haɗa maganin saran maciji. Kun san abin da kububuwa ke yi wa manomi idan damina ta sauka: mutum ya fita gona da ƙafarsa, a dawo da shi a amalanke. To wannan ruwan allura da ake yi wa wanda maciji ya sara, ba a fitar da shi haka nan. Sai an gwada shi. A ɗebi kaɗan, a yi wa lafiyayyen zomo allura a jijiyar kunne, a zauna ana auna zafin jikinsa. Idan jikin zomon ya yi zafi, an san akwai datti a maganin, sai a zubar. Idan bai yi ba, sai a tura asibitoci. Kun ga ke nan, ran manomin da ke can ƙauye yana rataye da lafiyar wani farin zomo da bai taɓa gani ba. Idan kuwa zomon dama da zazzaɓinsa, gwaji ya tashi a banza.

Shi ya sa gidan dabbobin nan yake da dokoki masu tsanani. Kafin ka shiga, ka tuɓe kayan gida gaba ɗaya, ka wanke jikinka, ka sa farar riga da takalmin roba da safar hannu, ka rufe hancinka da takunkumi. A bakin kowace ƙofa akwai kwanon ruwan magani, sai ka tsoma ƙafa ka wuce. Kuma an hana ma'aikaci ya kiwata zomo a gidansa, an hana shi ya taɓa zomon waje, don kada ya ɗauko cuta ya kai wa na ciki. Mai kula da wurin wata likitar dabbobi ce, Dakta Rakiya, mace mai adalci, amma ba ta wasa da doka.

Shekarau ya daɗe a wannan gida. Shi ke sauya garin katakon da ke ƙarƙashin keji, shi ke wanke kwalaben ruwa, shi ke zuba abinci, ya duba ko ɗaki ya yi zafi da yawa. Idan zai ɗauki zomo, ba ya kama kunne kamar yadda ake yi a kasuwa. Sai ya riƙe fatar wuya, ya tallafo gindinsa da ɗaya hannun, ya manna shi a jikinsa, don zomo idan ya tsorata ya yi harbi, yana iya karya bayansa da kansa. Yana yi musu magana a hankali kamar masu jin Hausa. Yakan ce, "Waɗannan bayin Allah ba su nemi zuwa nan ba. An kawo su don amfaninmu. Ko ba komai, kada su kwana da ƙishirwa a hannuna."

Amma duk daɗewarsa, ɗan wucin gadi ne, domin ba shi da takardar shaidar ƙwarewa. Sau ɗaya a shekara masu jarrabawa ke zuwa daga babban birni, su yi wa mutum tambayoyi, su tsaya a kansa ya ɗauki dabba, ya auna ta, ya tsabtace keji. Wanda ya ci, an tabbatar da shi a aiki. Kuma ba a barin mutum ya zauna jarrabawar sai Dakta ta shaida cewa mai kiyaye doka ne. Shekarau ya sha fama da karatun, furfura har ta fara fito masa. A wannan shekara ne ya ji a ransa ya shirya.

Ba shi kaɗai zai zauna ba. Akwai wani ma'aikaci, Tukur, baƙo a garin, wanda bai daɗe da zuwa ba. Tukur yana da ƙwaƙwalwa, amma yana da ɗacin baki. Ba ya zama cin abinci da kowa, gaisuwarsa a taƙaice. Idan ya ga Shekarau yana magana da zomaye, sai ya ce, "Dattijo, idan sun amsa maka ka gaishe su." Shekarau ba ya tankawa, amma kada ku ɗauka maganar ba ta shiga ba. Tana shiga. Mutum ne kamar ku.

To ana cikin shirin jarrabawa, gajimare ya fara haɗuwa a gabas, ga kuma babban kaso na magani yana jiran gwaji, sai wata safiya aka ji zomo ya yi atishawa. Ɗaya. Kafin a ankara, na kusa da shi ya ɗauka. Hanci na zubar da majina, ido na ruwa, abinci a gabansu ba su taɓa ba. Dakta Rakiya ta zo ta duba, fuskarta ta sauya. Ta sa aka ware marasa lafiya, aka rufe ɗakin, ta aika da samfurin majinar wani wuri mai nisa don a gano cutar. Gwajin magani ya tsaya cak.

Ta tara ma'aikata ta ce, "Cuta ba ta da fiffike. Wani abu ne ya shigo da ita, ko wani mutum. Sai na san ta inda ta biyo, in ba haka ba ko na kawo sababbin zomaye, haka za su bi."

Jama'a, daga ranar gidan nan ya zama wani iri. Mutanen da ke cin tuwo a kwano ɗaya suka koma kallon hannun juna. Idan ka shiga ɗakin sauya kaya, sai ka ji idon wani a bayanka, yana duba ko ka wanke har gwiwar hannu. Idan biyu suna magana, na uku ya shigo, sai su yi shiru. Kowa na neman wanda za a ɗora wa, don kada a ɗora masa. Kuma kun san inda irin wannan kaya ke sauka. A kan baƙo, wanda ba shi da mai tsaya masa.

Wani ya ce ya taɓa ganin Tukur ya tsallake kwanon ruwan magani bai tsoma ƙafa ba. Wani ya ce an gan shi ranar kasuwa a layin masu kaji da zomaye, me ya kai shi? Kafin azahar magana ta girma: wai Tukur yana fitar da fararen zomayen cibiya a jakarsa ya sayar, ya musanya su da na kasuwa. Ba wanda ya gani. Amma kowa ya ji daga wanda ya ji.

Shi kansa Shekarau ya shiga ciki. E, shi. Bai yi tsegumi da baki ba, amma zuciyarsa ta yi. Ya fara lura da jakar Tukur, yana auna kumburinta da safe, yana sake aunawa da yamma. Idan Tukur ya daɗe a ɗakin ajiya, sai ya ce a ransa, me yake yi a ciki? Har wani sanyi-sanyi yake ji, wai yau mai ɗacin baki ya gamu da nasa.

Sai aka ba Shekarau aikin kula da zomayen da suka kamu. Ya ɗauki ɗaya, ya manna a ƙirjinsa yadda ya saba, ya ga gashin ƙafafunsa na gaba ya jiƙe ya dunƙule, saboda yawan goge hanci. Ya tsaya yana kallon ƙafafun nan. Ya taɓa ganin irinsu, kuma ba da daɗewa ba.

Akwai wata tsohuwa a unguwarsu, Iya Tabawa, ba ta da kowa sai 'yan zomaye da take kiwo a bayan ɗaki. Wata safiya, kafin wannan abu ya ɓarke, ta tare shi a hanya tana kuka-kuka, ta ce, "Shekarau ɗana, kai ne ka san su, zo ka duba mini uwar garken, ta ƙi cin komai." Ya san doka. Amma ya kasa wuce ta. Ya shiga, ya ɗauki zomanyar, ya rungume, ya goge mata hanci, ya gaya wa Iya ta raba ta da sauran. Wannan ya sa ya makara. Da ya iso wurin aiki, ya tarar dabbobi na jiran ruwa, sai ya ɗora farar riga a kan rigar gida, ya wanke hannu kawai, ya shige. Ba wanda ya gan shi. Shi ma ya manta, sai yau.

Ya mai da zomon keji. Ya leƙa ta taga, ya hangi Tukur zaune shi kaɗai a gindin dalbejiya, abincinsa a gabansa bai buɗe ba.

Da ya koma gida da la'asar, matarsa Lantana ta ga ba daidai yake ba. Ya gaya mata komai. Ta ajiye muciya ta ce, "Malam, ka tabbata kai ne ka kai cutar?"

Ya ce, "Ban tabbata ba."

"To wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

Ta ce, "Ni ba zan ce ka yi ƙarya ba. Amma ba a tambaye ka ba. Shekarun nan duka da ka yi kana jiran takardar nan fa? Kuma wannan Tukur ɗin, ka san abin da yake yi a ɓoye? Wataƙila shi ɗin ne."

Ku ji fa, maganarta ba ta mugunta ba ce. Maganar mai tsoron gobe ce. Kuma Shaiɗan ba ya zuwa wa mutumin kirki da mummunar shawara tsirara. Yakan zo da wataƙila. Wataƙila ba kai ba ne. Wataƙila shi ne. Wataƙila abin zai wuce da kansa.

Shekarau ya ce, "Abin da Tukur ya yi ban sani ba, zato nake yi. Abin da ni na yi kuwa na sani. Ta yaya zan riƙe wanda na sani, in bar ana hukunta mutum da wanda ake zato?"

Washegari Dakta Rakiya ta sake tara su. Ta dubi Tukur ta ce, "Maganganu sun zo mini a kanka daga bakuna da yawa. Ba ni da hujja, amma ba zan iya sa lafiyar dabbobin nan a caca ba. Za ka dakata da aiki har sakamako ya fito, kuma ba zan shaide ka a jarrabawar bana ba."

Tukur ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "Dakta, wa ya gan ni? A fito da shi ya faɗa a gabana!" Kowa ya sunkuyar da kai.

Nan Shekarau ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ina da magana. Kafin zomayen nan su kamu, na taɓa zomon waje mara lafiya, mai irin wannan majinar. Na rungume shi a rigata. Kuma na shigo ɗakin ban tuɓe rigar ba, ban yi wanka ba. Ban san ko ni na kawo cutar ba. Amma doka ni na karya ta, kuma ban ga Tukur ya karya ba."

Dakta ta dube shi. Ta ce, "Malam Shekarau, ka san abin da wannan magana za ta jawo maka?"

Ya ce, "Na sani."

Ta ce, "Da wani ne ya gaya mini, da na ce ƙarya yake maka." Ta numfasa. "Tukur, koma bakin aikinka. Kai kuma Malam Shekarau, ba zan shaide ka bana ba. Ba za ka ƙara shiga ɗakin dabbobi ba sai na ce. Ka koma wurin wankin keji a waje."

Kuna tsammani daga nan aka ɗauke shi a kafaɗa ana yabo? Ina! Zuciyar da ta saba da zargi ba ta sauka da wuri, sai dai ta sauya wurin zama. Waɗanda jiya ke zargin Tukur, yau suka koma kansa. Wani ya ce ai ya ji za a gano shi ne, shi ya sa ya riga faɗa. Wani ya ce Tukur ne ya saye shi. Wani ya ce wannan shiru-shirun nasa dama ba na Allah ba ne, wa ya san sau nawa ya yi ba a gani ba?

Har Tukur ɗin da aka cece shi bai yarda ba. Ya same shi a wurin famfo, yana durƙushe yana kankare kashin zomo daga keji. Ya tsaya a kansa ya ce, "Dattijo, gaya mini gaskiya. Me kake nema a wurina?"

Shekarau ya ce, "Ba komai."

"Ba a yin irin wannan a banza. Ni ban taɓa yi maka alheri ba. Ko so kake in zama bawanka, kullum ka riƙa tuna mini?"

Shekarau ya ɗago ya ce, "Ba don kai na yi ba, Tukur. Ni ma na zarge ka, har jakarka na riƙa kallo. Ka yafe mini wannan." Ya ci gaba da wankinsa. Tukur ya juya ya tafi.

Masu jarrabawa suka zo. Shekarau yana jin muryoyinsu ta taga, yana waje cikin rana hannunsa cikin ruwan sabulu. Tukur ya zauna, ya ci, aka tabbatar da shi, har aka ba shi shugabancin ɗakin zomaye.

Sannan sakamako ya dawo. Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Dakta ba ta tsaya kan maganar Shekarau kaɗai ba, ta aika har da samfurin zomon Iya Tabawa, ta kuma bi sawun duk abin da ya shigo gidan. Aka gano cutar zomon tsohuwa dabam, ta cibiya dabam. Ta cibiya ta shigo ne da wasu sababbin zomaye da aka sayo daga wani mai kiwo, suna ɗauke da ita a ɓoye, har suka gama zaman killacewa ba ta nuna ba. Ba Tukur ba ne. Ba Shekarau ba ne.

Dakta ta sa aka wanke ɗakin da magani, aka samo lafiyayyun zomaye daga wani wuri, aka gwada maganin, ya isa asibitoci ana tsakiyar noman farko.

Mutane suka yi ta dariya. Suka ce, "Kai Shekarau, ka ga wautarka? Da ka yi shiru, da yanzu kana da takardarka, shi ma Tukur da an wanke shi." Har Lantana ta yi hawaye. Shi kuwa ya ce, "Ranar da na yi magana ban san haka ba. Da abin da na sani a ranar za a tambaye ni."

Dakta ba ta janye hukuncinta ba, domin doka dai an karya ta. Ya ƙarasa shekararsa a bakin famfo, bai yi gunaguni ba, kuma ba a taɓa mayar masa da keji an ce bai fita ba. Amma wani abu ya sauya. Wata rana da aka tashi aiki, Tukur ya zo ya zauna a kan bokitin da ke kife kusa da shi, ya ce, "Malam Shekarau." Ranar ce farko da bai ce Dattijo ba. "Na jira ka zo ka karɓi ladanka a wurina, ba ka zo ba. Na gaji da jira. Wane ɓangaren karatun ne yake ba ka wuya?"

Haka suka riƙa zama bayan aiki, mai ɗacin baki yana koya wa mai furfura lissafin awon magani da sunayen cututtuka. Bakin bai daina ɗaci duka ba, hali ne, amma bai taɓa fashin zuwa ba. Da shekara ta zagayo, Dakta Rakiya ta gabatar da Shekarau ga masu jarrabawa da kanta. Ta ce musu, "Wannan ya taɓa karya mini doka sau ɗaya. Na sani ne domin shi ya gaya mini." Ya zauna, ya ci. Kuma har ya bar aiki, idan wani abu ya faru a gidan nan, shi ake fara tambaya, abin da ya faɗa a kansa ake gini.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida.

Na farko, gaskiya ba ciniki ba ce, da za ka ce sai ka ga riba za ka fitar. Shekarau ya faɗi tasa lokacin da take cutar da shi, kuma daga baya ta bayyana kamar ma ba a buƙace ta ba. Amma Allah ba Ya auna aikinka da abin da ya ɓoye maka a gaba. Yana auna shi da abin da ka sani sa'ad da kake tsaye, bakinka a rufe, ana ɗora wa wani kayanka.

Na biyu, ku ji tsoron zato. Gida guda na mutane masu salla suka taru a kan baƙo, ba wanda ya ga komai, kuma dukansu sun yi kuskure. Kai da ke zaune nan, wa kake auna jakarsa da ido? Maƙwabcinka? Abokin aikinka? Matar ɗan'uwanka? Me ka gani, me kuma ka ji kawai? Kafin ka binciki hannun wani, tsaya ka tuna rigar da kai ka shigo da ita.

Sannan amana ba ta da ƙarama. Wani an ba shi gari ya riƙe, wani an ba shi aji, wani shago, wani akuya biyu a turke, wani kejin zomo. Duk za a tambaya. Akuyar nan da ka baro a rana ba ruwa ka taho masallaci, ita ma amana ce, ka koma ka shayar da ita.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga mummunan zato, Ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ko a kanmu za ta faɗo. Ku ce amin.